Takalmin taya a Maraɗi, ƙanƙara a Kanada: ta ina zan fara da yarana?

Maman Nana ta rubuta:

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri da tsawon magana, in ban faɗi yadda abin ya faro ba, ba za ku gane inda ya maƙale ba.

Ina Maraɗi, unguwar Ali Ɗan Sofo, a gidan surukaina. Maigidana shekararsa uku a Kanada, a Otawa, karatu ya kai shi har Allah ya ba shi aiki. Bana takardunmu sun fito, ni da yara biyu, in Allah ya yarda watan Oktoba za mu bi shi. Nana shekararta shida, ƙanenta Abba huɗu da 'yan watanni.

Da sanyin da ya wuce ya turo mana bidiyo ta WhatsApp. Wani dogon ruwa ne a tsakiyar garin nasu, Rido ake ce mashi, ya daskare ya koma kamar farin daɓe, mutane cike a kansa suna zamiya da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, har da masu tura jarirai. Ya ce tsawon wurin zamiyar kilomita 7.8 ne, wasu ma ta nan suke bi su tafi aiki. Abin da ya shiga ran Nana wata yarinya ce da ba ta kai ta ba, da jar hula, ta zo ta gitta tana juyi. Kullum sai ta karɓi wayata ta kalli yarinyar nan, har cajin ya ƙare. Uban ya ce can makarantu da yawa suna kai yara filin ƙanƙara in sanyi ya shiga, kuma ba ya son ɗiyarsa ta zauna ita kaɗai a benci, ga baƙunta ga rashin iyawa.

Sai na ce bari in rage mata hanya. Na samu takalmin taya wajen masu bosho, wato kayan gwanjo, a Babbar Kasuwa, mai taya huɗu jere a layi guda, jika tara na biya bayan dogon ciniki. Nana lamba 29 take sawa, na ɗauko 33 don ya yi mata shekara biyu sannan Abba ya gada, na cusa tsumma a bakinsa. Ran Juma'a da la'asar na sa mata a barandar gida, simintin nan mai sulɓi, na riƙe hannunta guda ina ja. Ba ta yi taku biyar ba ƙafafun suka wuce gaba, ta faɗi ta baya, ƙeya ta bugi ƙasa, gwiwar hannu ta goge. Ni kuma na ƙwalla salati har maƙwabta suka leƙo. Yaran gidan da ke kallo suka sa ihu, "ta sha kaye, ta sha ƙasa!", kamar ana filin kokowa.

Alhamdu lillahi kan bai kumbura sosai ba, ta ci tuwonta da dare ta yi wasa. Amma yau kwana goma sha biyu ke nan ko kallon takalmin ba ta yi. Bidiyon ma ta bar tambaya, kuma wannan ya fi komai cin raina, don na san yadda take son abin nan, ni ce na ɓata mata shi da gaggawata. Abba shi kuwa kuka yake a sa mashi, ni na hana.

Inna, mahaifiyar maigidan, ta ce in mayar da takalmin kasuwa, ɗiya mace ba a haɗa ta da abin karaya. Ba na son in saɓa mata. Ba na kuma son in kai yarinya ƙasar mutane da tsoro a cikinta.

To wanda ya iya taya, tana taimaka mashi kan ƙanƙara, ko abu biyu ne daban ina wahalar da ita a banza? Ɗan shekara huɗu ya yi ƙanƙanta? Wanda ya taɓa koya ma ƙaramin yaro, don Allah da me ake farawa ranar farko? Ni ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin leda da muke saye da azumi, ban taɓa taka ta ba.

Bamaraɗe a Gatino ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Maman Nana. Allah ya ƙara ma Nana lafiya, ya kawo ku lafiya. Ni ɗan unguwar Bagalam ne a Maraɗi, shekarata tara a Gatino, tsallaken kogi ne kawai daga Otawa, mu muna ɓangaren masu Faransanci. 'Ya'yana uku duk sun iya, biyun farko da hannuna na fara da su.

Taya tana taimakawa, musamman irin wadda kika saya mai layi guda. Tsayuwar ɗaya ce, yadda ake tura ƙafa gefe a samu tafiya shi ma ɗaya ne. Inda suka rabu wajen birki ne: na taya yana da roba a dunduniya, na ƙanƙara ba ya da komai, da gefen ƙarfen ake kankarar ƙanƙarar a tsaya. Wannan sai ta zo za ta koya. Kuma ki sani faɗuwar da ta yi a barandarku ta fi ta nan cin fata. Nan yaro yana cikin kaya masu kauri, in ya faɗi zamewa yake. Siminti ba ya zamewa da mutum.

Amma 33 ga mai sa 29, 'yar uwa, nan gizo ke saƙa. Mu haka aka tashe mu, takalmin Sallah sai an bar ma ƙafa wurin girma, ni ma haka na yi ma babbar ɗiyata sanyinmu na farko. Wata tsohuwa ce a bakin fili ta ga yarinyar na tafiya idon sawunta a karkace ciki, ta duƙa ta matsa bakin takalmin ta ji wayam, ta nuna mani. Ƙarfen da ke ƙasan takalmin ƙanƙara faɗinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kuma duk nauyin yaro a kansa yake tsaye. In ƙafa na yawo a ciki, yaro ya juya ƙafarsa takalmin bai bi ba, sai faɗuwa. Taya ma haka take. Tsumma ba ya gyara wannan, don dunduniya ce ake son ta zauna daram, ba yatsu ba. Gwajin shi ne: tana tsaye, babban yatsa ya ɗan taɓi baki, ta lanƙwasa gwiwa, ya ja baya kaɗan. Safa guda siririya, a ɗaure igiya da kyau wajen idon sawu. Ki ce ma maigidan kada ya saya kafin ku iso, sai an gwada a ƙafarta. Na hannu suna nan da yawa da araha, kowa haka yake yi don ƙafar yaro kowane sanyi ta canja. Ya kuma kai a wasa ƙarfen kafin ta hau. Ƙasansa akwai ɗan kwarmi a tsakiya, kaifi biyu ke gare shi, na ciki da na waje, su ke cizon ƙanƙarar. In ya dakushe ko babba sai ya zame gefe. In an gama wasa a goge shi da tsumma, in ba haka ba tsatsa.

Ranar farko kuma ba tafiya ake koya ba. Autana na sa shi ajin da ake kira Patinage Plus, na hukumar wasan ta Kanada, can Otawa da Ingilishi CanSkate suke ce mashi. Na biya kuɗi na zauna ina jira in ga ana gudu, sai na ga malamar ta zaunar da yara duka dirshan a kan ƙanƙara, ita ma ta zauna. Darasin ranar kusan duka faɗuwa ne da tashi. A tsuguna, a kife ta gefe kan cinya, a juya a yi rarrafe, a kafa ƙafa guda tsakanin hannuwa, a dafa gwiwa a miƙe. Su sake faɗuwa da gangan, tana tafa masu. Na ji haushi ranar, sai daga baya na gane dalili. Yaron da ya faɗi sau ashirin da son ransa, in ta ashirin da ɗaya ta zo ba shiri ba ya ɗaukar ta wani abu, ya san hanyar tashi. Ɗiyata da na koya ma da kaina, ina rirriƙe ta kada ta faɗi, sai da ta yi sanyi biyu kafin ta saki bango. Autan sati huɗu.

Tsayuwar kuwa kin riga kin san ta, duk ɗan Maraɗi ya san ta. Ki tuna ɗan kokowa in ya fito neman kamu: gwiwa a lanƙwashe, ƙafa a ɗan buɗe, hannuwa gaba, ƙirji ya ɗan rusuna. Ita ce sak. Mai wannan tsayuwa in zai faɗi gaba yake faɗuwa ko gefe. Nana ta faɗi ta ƙeya ne don ta miƙe ƙyam, ke kuma kin ɗaga mata hannu sama. Ki ce mata duk sanda ta ji za ta tafi, ta kama gwiwoyinta. Ido kuma gaba, kamar mai ɗauke da faranti a ka, ba a kallon ƙafa. Daga nan sai taku ƙanana irin na agwagwa, yatsu a ɗan buɗe waje. Zamiya da kanta take zuwa, wata rana za ki ga takun ya ɗan yi tsawo, shi ke nan ta fara.

Shekara huɗu bai yi kaɗan ba, nan ana karɓar 'yan shekara uku. Sai dai minti ashirin ya ishe shi, ki tsayar tun yana so.

Hular kwano dole ce. A ajin nan sai ta 'yan wasan hoki (wasan da ake buga wa da sanda a kan ƙanƙara) mai tambarin CSA, wato hukumar tabbatar da ingancin kaya ta Kanada, ta keke ba su karɓa. Safar hannu mai kauri ma dole, ba don sanyi kaɗai ba, in yaro na ƙasa wasu na wucewa da ƙarfe a ƙafa, a koya mashi ya dunƙule yatsunsa ya ja su jikinsa.

Maganar Rido, kada ku fara da shi. Iska ke akwai, ga tsagu a ƙanƙarar, ga nisa. Ba a ma buɗe shi sai kaurin ya kai santimita 30, kuma sanyin 2022 zuwa 2023 ko kwana guda ba a buɗe ba don bai daskare yadda ake so ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka fara shekara hamsin da wani abu. Ku fara da fili na cikin gini, inda mota ke bi tana lailaye ƙanƙarar. Kuma don Allah duk tafkin da kuka gani ya daskare, in ba hukuma ta ce a hau ba, kada yaro ya sa ƙafa.

Ki gaida Inna, ki faɗa mata 'ya'yana mata da ƙaramin hijabinsu suke sa hular a kai, ga wando mai kauri ga riga har cinya, babu abin da ake gani sai fuska. Dogon hijabi ne da zane ba su yi, ƙarfen na kama su.

Mai Taya na Zariya ya rubuta:

Yaya, sannu da ƙoƙari. Ni ban taɓa ganin ƙanƙarar ba sai a waya, amma taya shekarata biyar ina yi nan Maraɗi, unguwar Zariya, kuma ni na koya ma ƙannena biyu.

Simintin baranda shi ne wuri na ƙarshe, ba na farko ba. Ki shimfiɗa tsohon kafet, in babu ki ninka tabarmar roba biyu ki danne gefunan da bulo. Kan kafet taya ba ta gudu, yaro zai tsaya, ya taka, ya tsuguna, ya ji nauyin takalmin. Ƙanwata kwana huɗu ta yi a kan kafet tana kai ma mamarmu kofi daga wannan gefe zuwa wancan, da takalmin a ƙafa. Ranar da ta sauka kan siminti, ƙafa guda kawai na sa mata, ɗayar silifa, tana turawa kamar mai ɗan keken turi. Sai ta saba na musanya ƙafar.

Kada ki sa ta cikin rairayi don wai ya fi taushi. Rairayi da ƙurar garin nan su ke kashe takalmi. Cikin kowace taya akwai boris biyu, in ƙasa ta shiga sai taya guda ta cije ana tsakar tafiya, yaro ya kife. Na bosho ma sau da yawa a cije suke zuwa. Ki juya kowace da yatsa ki ji, wadda ke ƙara ko ba ta juyawa a kwance ta a wanke da kananzir, a shanya, a ɗiga man keken ɗinki kaɗan. Mai gyaran keke zai yi maki. Ki share barandar kafin a fara, tsakuwa guda ta isa.

Titi kuma a'a. Mu manya ma sai da asuba muke hawa kwalta, kafin kabu-kabu da adaidaita su fito, kuma duk da haka na ga abin da na gani. Titunan da aka shimfiɗa da tubalin siminti ba su yi ko kaɗan, girgiza kawai.

In mai boshon zai yarda, ki musanya da wanda ake ja yana ƙara tsawo, akwai mai maɓalli a gefe da ke tafiya daga 28 zuwa 31. Shi ne maganin tsadar. Ki tambaye shi da abin gwiwa da na wuyan hannu, suna zuwa cikin dila, yawanci ba su san darajarsu ba.

Abu guda kuma, Yaya: ki kori 'yan kallo. Ni na san ihun nan na "ya sha ƙasa", an yi mani shi, sai da na yi wata biyu ban sake sa takalmi da rana ba.

Hajiya Kaka ta rubuta:

Ɗiyata, ni maganata daban ce da tasu, ki ɗauka ko ki bari. Jikokina huɗu suna Faransa, na san abin da ake ji in an ɗauke yara an kai su nesa.

Wata uku ya rage maki a gidan nan. Surukarki da ta ce a sayar da takalmi, ba takalmin ba ne a ranta. Jikarta za a tafi da ita inda ba ta san ranar dawowa ba, kuma tun ba a tafi ba ta ga an fara koya mata wasan can, har ta fasa kai a gabanta. In kika ci gaba a ɓoye, ko kika kawo mata hujja daga waya cewa wani a Kanada ya ce, kin ci nasara a magana kin bar tsohuwa da ciwo. Ƙanƙara ba ta gudu, tana can tana jiran Nana, ga malamai can da aka horar don haka. Kakarta kuwa nan za ki bar ta. Ni da za ki bi tawa, watannin nan yarinya ta zauna gindin kakarta, ta ƙara surorinta, ta ji tatsuniya, ta riƙe Hausarta da kyau, don ita ce za ta fara zubewa can, na gani a nawa.

In kuma kin ga lalle sai an yi, to ɗanta ya kira ta shi da kansa ya nemi izini. Ba bakinki ba.

Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

Maman Nana, a ɗakin yara nake aiki nan cikin gari, abu biyu cikin labarinki suka tsayar da ni.

Na farko jan hannu. Yaro ƙasa da shekara biyar ko shida, jijiyar da ke riƙe kan ƙashi a gwiwar hannunsa ba ta gama ƙarfi ba. In aka fizge shi da hannu guda sama, kamar yadda uwa ke yi in ɗa zai faɗi, kan ƙashin na iya zamewa daga wurinsa. Za ki ga yaro ya saki hannun a jikinsa ya ƙi motsa shi, babu kumburi, yana kuka in an taɓa. Gyaran ba wuya, cikin minti kaɗan ake mayarwa a asibiti, amma kada a ja a gida. Abba yana daidai shekarun da wannan ya fi samu. In za ki tallafa, ki tsaya gabansa ki shimfiɗa tafukanki daidai cibiyarsa ya dafa, ko ki tsaya baya ki riƙe ƙugunsa. Shi ya dafa ki, ba ke ki ɗaga shi ba.

Na biyu kai. Kwana goma sha biyu tana ci tana wasa, wannan ya wuce insha Allah. Amma don gaba: in yaro ya bugu a ka ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko barci ya rinjaye shi ba a iya tada shi da kyau, ko ya ruɗe, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, asibiti nan take, ko tsakar dare ne. Kada ta sake sa takalmin nan ba hula. Ta keken yara ta wadatar a nan, in dai ta zauna a kai ba ta rawa kuma an ɗaure igiyar haɓa. Hular babur ta manya ta yi ma wuyanta nauyi.

Karayar da wasan taya ya fi kawowa ta wuyan hannu ce, don mutum da tafi yake tare ƙasa. Ƙashin yaro ɗanye ne, yakan lanƙwashe ko ya tsage bai rabu ba, yaro na motsa yatsu a ce targaɗe ne. In ya kumbura ko ya ƙi dafa ƙasa da hannun, a ɗauki hoto tukuna kafin a yi maganar ɗori. Na ga hannuwan da aka ɗaure da kara aka matse har jini ya ƙi zagawa, kuma ba na son in sake gani.

Maman Nana ta rubuta:

Allah ya saka maku da alheri gaba ɗaya. Na yi shiru kwana tara don ina son in dawo da labari, ba godiya kaɗai ba.

Hajiya, maganarki na fara bi, kuma ta sa ni kuka, don gaskiya ban kalli abin ta wajen Inna ba ko sau ɗaya. Baban Nana ya kira ta ran Lahadi, sun daɗe, ni ina madafa ban ji me suka ce ba. Da ta fito ta ce mani a yi, amma da sharaɗi biyu: a gabanta, kuma bayan yarinya ta dawo makarantar allo. Shi ne yanzu take fito da kujerarta baranda da la'asar, ita ke korar yaran gida, ba mai ƙara cewa uffan.

Mai boshon ya ƙi karɓar takalmin sai da na cika jika biyu da rabi, ya ba ni mai maɓallin da ƙanena na Zariya ya faɗa. Taya biyu a cije suke, mai gyaran keke na bakin layinmu ya wanke su. Abin gwiwa na samu, na wuyan hannu guda ɗaya kawai ke akwai, ina neman ɗayan. Hula ta ɗan maƙwabciya ce na aro.

Nana dai ta ƙi sawa, har kwana uku takalmin na ajiye kan kafet tana zagaye shi. Sai na tuna abin da Malam na Gatino ya ce, malamar ma zama ta yi a ƙasa. Na ɗaura zanena da kyau kan wando, ba takalmi ba komai, na yi tsayuwar 'yan kokowa a tsakiyar kafet, na tsuguna, na kife ta gefe, na yi rarrafe, na kafa ƙafa na tashi. Na sake. Abba ya zo ya faɗi kusa da ni yana ƙyalƙyala dariya. Nana na tsaye jikin ƙofa. Wajen ta shida ta ce, "Mama, ba haka ba, kin manta ki dunƙule hannu", don ta ji ina karanta ma Inna saƙon. Na ce zo ki nuna mani. Ranar ba takalmi muka yi, mu uku. Kashegari ta sa ƙafa guda. Jiya ta sa duka biyun, ta taka daga bakin kafet zuwa kujerar Inna, taku goma sha ɗaya, Inna ce ta ƙirga. Ta faɗi sau biyu ba da gangan ba. Ta farko ta ɗago ta kalli fuskata kafin ta yanke ko za ta yi kuka, na cije leɓe na ce "tashi irin namu", ta tashi. Salatin a zuci na yi shi.

Ba ta sauka kan siminti ba tukuna, kuma ban matsa ba. Daren jiya ta ce in nuna mata mai jar hula.

Saura Abba. Ƙafarsa 26 ce, takalmin ko an mayar da shi ƙarshe ya yi mashi yawa, don haka na ce ya jira ƙanƙara, yana ta faɗuwarsa da tashi ba takalmi. Malam na Gatino, ajin nan da ka faɗa, yaushe ake rubuta suna, kada mu iso Oktoba a ce ya cika? Kuma akwai na manya waɗanda ba su taɓa hawa ba, wanda mata ke koyarwa? Lamba 39 nake sawa.